Ka tambayi mai masauki ko ka shiga cikin baƙon: zaɓin hanyar duba sigar manhaja a kan VM

Duk wanda ke kula da kwamfutocin kwaikwayo, waɗanda masu aikin ke kira VM, ya san irin ranar da ake sanar da ɓaraka a wata manhaja, a ce ana so a san inji nawa abin ya shafa, kuma yau ake son amsar. In injinan goma ne, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya. In sun kai ɗari uku, babu makawa sai an rubuta umarnin da zai zagaya da kansa ya tattaro amsa. Ƙofofin da wannan umarni zai iya bi huɗu ne: ya tambayi manhajar mai masauki, wato kwamfutar da ke ɗauke da VM ɗin, ya bi ta wakilin da ke zaune cikin baƙon (baƙo shi ne VM ɗin kansa, wakili kuma ƙaramar manhaja ce da ke haɗa shi da mai masauki), ya shiga ta netwok da SSH ko WinRM, wato hanyoyin sarrafa inji daga nesa, ko kuma ya karanta faifan injin kai tsaye. Kowace tana da abin da take gani da abin da ya shige mata duhu.

Kafin a zaɓa, a fara raba tambayar gida biyu, domin nan ake yawan ruɗewa. Akwai sigar wakilin kansa, wato VMware Tools, ko qemu-guest-agent a KVM, ko Guest Additions a VirtualBox, ko Integration Services a Hyper-V. Akwai kuma sigar sauran manhajojin da ke cikin injin, irin su OpenSSL da Java da rumbun bayanai. Tambaya ta farko mai masauki na da amsarta a hannu. Ta biyu kuwa bai sani ba, sai an leƙa ciki.

Tambayar mai masauki

Wannan ita ce mafi arha, kuma da ita nake ganin ya kamata kowa ya fara. Ba ta buƙatar kalmar sirrin baƙo ko ɗaya, izinin karatu kawai a vCenter, manhajar VMware da ke kula da masu masauki da injinansu, ya wadatar. A PowerCLI, kayan umarnin VMware da ke aiki cikin PowerShell, bayan an shiga da `Connect-VIServer`, yawancin mutane kan rubuta `Get-VM` su miƙa wa `Get-VMGuest`. Yana aiki, amma yana jan bayanai masu yawa game da kowane inji, har da waɗanda ba a nema ba. A wurin da injina suka yi yawa, gara a faɗi filayen da ake so tun farko:

`Get-View -ViewType VirtualMachine -Property Name,Guest.ToolsVersion,Guest.ToolsVersionStatus2,Guest.ToolsRunningStatus`

Abin da zai fito a filin siga lamba ce dunƙulalliya, kamar 12389, wadda kan rikita wanda bai saba ba. Lissafinta mai sauƙi ne. Babbar lambar siga ana ninka ta da 1024, ta tsakiya da 32, sannan a ƙara ta ƙarshe. In aka raba 12389 da 1024 za a sami 12, saura 101. A raba 101 da 32 a sami 3, saura 5. Sigar ke nan 12.3.5. Haka 11365 take nufin 11.3.5, 10341 kuma 10.3.5. Amfanin wannan lamba shi ne ana iya kwatanta ta kai tsaye: duk abin da ya gaza wata lamba tsoho ne, shi ke nan. Wani lokaci za a ga 2147483647. Wannan ba siga ba ce. Ita ce lamba mafi girma da filin ke iya ɗauka, kuma tsofaffin open-vm-tools na Linux kan turo ta don nuna cewa ba vSphere, wato tsarin VMware, ke kula da sabunta su ba. Rubutun da bai ware ta ba zai ɗauki waɗannan injinan a matsayin mafiya sabunta, alhali babu wanda ya san me ke cikinsu.

Tarkon da ya fi wannan girma yana cikin filin matsayi. Kalmar `guestToolsCurrent` ba ta nufin wakilin ya yi daidai da sabuwar sigar da kamfani ya fitar. Tana nufin ya yi daidai da sigar da ke ajiye a kan wannan mai masaukin. In ESXi ɗin, wato manhajar mai masaukin VMware, ya daɗe ba a sabunta shi ba, zai ci gaba da cewa komai lafiya game da wakilin da ya tsufa. Inji ɗaya ma na iya sauya matsayi don kawai an matsar da shi zuwa wani mai masauki. A watan Yuni na 2023 VMware ta fitar da siga 12.2.5 domin toshe CVE-2023-20867, ɓarakar da ke bai wa wanda ya riga ya ƙwace ESXi damar gudanar da umarni cikin baƙi ba tare da tantancewa ba. Makin haɗarinta 3.9 ne kacal cikin 10, amma kamfanin tsaro na Mandiant ya ruwaito cewa an yi amfani da ita a hare-hare na gaske. Wanda ya dogara da filin matsayi a wannan lokaci zai iya ganin kore a ko'ina. Wanda ya tambaya ko lambar ta kai 12357, wato siga 12.2.5, shi ne ya sami amsar gaskiya. Shi ya sa nake cewa a rubuta lambar da ake so cikin rubutun, a kwatanta da ita, a bar filin matsayi a matsayin ƙarin bayani.

Ga wanda aikinsa ke kan Linux, govc na yin wannan aikin ba tare da PowerShell ba. Fayil guda ne da aka rubuta da harshen Go, ana ba shi adireshi da suna ta `GOVC_URL` da `GOVC_USERNAME`, sai `govc find / -type m` ya jero injina, `govc vm.info -json` kuma ya ba da bayanai da za a tace da jq. Tsakanin su biyun ba na ganin abin jayayya sosai. Tun PowerCLI 10 na 2018 shi ma yana gudana a Linux da macOS, don haka zancen ya koma na sabo. Wanda hannunsa ya faɗa da PowerShell zai ji daɗin yadda ake tace sakamako a fitar da shi da `Export-Csv`. Wanda ke son abu mara nauyi da zai saka cikin cron ko kwantena, govc ya fi masa.

Sauran manhajojin masauki ma suna da tasu. A VirtualBox, `VBoxManage guestproperty get` tare da sunan inji da `/VirtualBox/GuestAdd/Version`. A KVM, `virsh qemu-agent-command` da umarnin `guest-info` na dawo da sigar wakili da jerin abubuwan da aka yarje masa, `virsh guestinfo` kuma na faɗin tsarin aikin da ke ciki. A Hyper-V akwai filin `IntegrationServicesVersion` a sakamakon `Get-VM`, sai dai tun Windows Server 2016 waɗannan kayan ta Windows Update suke zuwa, don haka tambayar ta fi komawa ga ko baƙon yana karɓar sabuntawa.

Raunin wannan hanya guda biyu ne. Ba ta san komai game da OpenSSL ko Java ba. Akwai wani ɓangare na VMware Tools mai suna appInfo, tun siga ta 11, da ke turo jerin manhajoji zuwa `guestinfo.appInfo`, amma abin da ke gudana a lokacin kawai yake gani, kuma lokaci-lokaci yake turowa. Na biyu, ga injin da ke kashe, abin da vCenter ke nunawa shi ne abin da wakilin ya faɗa kafin a kashe shi, ko da an shekara.

Bi ta wakili zuwa ciki

A nan ana amfani da wakilin a matsayin ƙofa. `Invoke-VMScript` na ɗaukar rubutun umarni ya kai shi cikin baƙon ta VMware Tools, ya gudanar, ya dawo da abin da ya fito. A govc sunansa `guest.run`, a VirtualBox `guestcontrol`, a Proxmox `qm guest exec`, a Hyper-V kuma PowerShell Direct, wato `Invoke-Command -VMName`, wanda ke bi ta VMBus. Abin da ya sa ake son wannan hanya shi ne ba ruwanta da netwok ɗin baƙon. Injin da aka killace bayan katangar tsaro, ko wanda katin netwok ɗinsa ya lalace, duk za a kai gare shi muddin wakilin na aiki.

Amma tana da tsada, kuma mutane kan raina tsadar. Tana da jinkiri, domin kowane kira sai an tantance, an kai rubutun, an jira, an ɗauko sakamako. Abin da bai dame ka ba a kan inji biyar zai cinye maka yamma a kan ɗari biyar. Sakamakon kuma rubutu ne tsagwaronsa, sai ka yanyanka shi da kanka, don haka dabara ita ce ka sa rubutun da ke ciki ya fitar da JSON ko CSV tun daga can. `Invoke-VMScript` na buƙatar izinin ayyukan baƙo a vCenter, da kalmar sirrin baƙon, da kuma hanyar da kwamfutarka za ta kai ga ESXi ɗin kansa, ba vCenter kaɗai ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ke yawan kayar da mutane, su ga umarnin ya tsaya ba su san dalili ba. PowerShell Direct kuwa sai daga kan mai masaukin ake gudanar da shi, kuma baƙon ya zama Windows 10 ko Windows Server 2016 zuwa sama.

Batun KVM daban ne, kuma ina so a tsaya a kansa. Umarnin `guest-exec` ba ya tambayar kalmar sirrin baƙo kwata-kwata. Wakilin yana gudana da ikon root a Linux, don haka duk wanda ke iya magana da shi daga mai masauki ya mallaki injin. Wannan ne ya sa RHEL, wato Linux na kamfanin Red Hat, ke zuwa da umarnin a toshe cikin `/etc/sysconfig/qemu-ga`. Buɗe shi a kan kowane inji domin kawai a riƙa karanta lambar siga, a ganina, musayar tsaro ce da ɗan sauƙi, kuma cinikin bai yi ba. Ko an buɗe ma, aikin zagaye biyu ne: a tura `guest-exec`, a karɓi lambar aiki, a koma da `guest-exec-status`, sannan a warware sakamakon daga base64.

Akwai kuma wani abu da ke cikin ginin hanyar: tana dogara da wakilin. Injin da wakilinsa ya mutu ko ya tsufa ƙwarai, wanda shi ne aka fi buƙatar dubawa, shi ne ba zai amsa ba.

Shiga ta netwok

In tambayar game da manhajojin cikin inji ce, wannan ce hanyar yau da kullum, kuma ita nake ba da shawara a gina aikin dindindin a kanta. Ba ta damu da wace manhajar masauki ake amfani da ita ba. Rubutu ɗaya zai yi aiki a VMware da KVM da gajimare da ma kwamfutar ƙarfe. Ga kamfanin da ke tunanin sauya sheƙa, kamar yadda da yawa suka fara yi bayan Broadcom ta sayi VMware a watan Nuwamba na 2023, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A Debian da Ubuntu, `dpkg-query -W` na jero ƙunshi, wato manhajojin da aka girka, da sigoginsu. A RHEL da danginsa, `rpm -qa` tare da `--qf` don tsara yadda sakamakon zai fito. A Windows ana bi ta WinRM, ƙofa 5985 ko 5986, kuma `Invoke-Command` na magana da inji 32 a lokaci guda in ba a sauya ba, yana dawo da abubuwa tsararru da za a tace nan take. Wurin karantawa shi ne rajista, ƙarƙashin `HKLM:\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Uninstall`, da takwaransa na `WOW6432Node` inda manhajojin 32-bit ke zama. Wanda ya manta na biyun zai rasa wani kaso na jerin. Don Allah a guji `Win32_Product`. Yana da saurin rubutawa, amma tambayarsa na sa Windows Installer ya bi kowace manhajar MSI yana duba lafiyarta, wani lokaci har ya fara gyara. Microsoft da kanta ta yi bayanin wannan hali. Umarnin da aka tura don ya karanta bai kamata ya taɓa komai a kan sabar da mutane ke aiki da ita ba. Ga shi kuma manhajojin MSI kaɗai yake gani.

Tsakanin madaukin SSH da mutum ya rubuta da hannu da Ansible, manhajar da ke sarrafa injina da yawa a tare, ya danganta da tsawon ran aikin. Tambayar yau kaɗai, madauki da `xargs -P` ya isa. Aikin da za a maimaita kowane mako, `package_facts` na Ansible ya fi, domin yana dawo da tsari ɗaya ko dpkg ne ko rpm, kuma yana rubuta waɗanda bai iya kaiwa gare su ba. Yana buƙatar Python a cikin baƙon, kuma inji biyar yake ɗauka a lokaci guda sai an ƙara adadin `forks`.

Kuɗin wannan hanya shi ne makullai da ƙofofi. Dole a sami asusu a kowane inji, a buɗe hanya a katangar tsaro, a kuma adana makullin da kyau. Asusun da ba shi da ikon shugaba ya isa karanta jerin ƙunshi a Linux, don haka babu dalilin ba rubutun root. Babban rauninta kuwa shi ne tana ganin injinan da ke cikin jerinka ne kawai. Injin da wani ya tayar ya manta, ba ya cikin jerin, ba zai fito a rahoto ba, kuma babu wanda zai lura.

Karanta faifai

`virt-inspector`, daga libguestfs, na buɗe faifan inji don karatu kawai, ya gano tsarin aiki, ya fitar da jerin manhajoji da sigoginsu cikin XML. Ba ya buƙatar wakili, ko netwok, ko kalmar sirri, ko ma injin ya kasance a kunne. Yana karanta qcow2 da VMDK. Yana da jinkiri, faifan da aka rufe da LUKS sai an ba shi makulli, kuma a kan injin da ke aiki sakamakon na iya zuwa a hargitse tunda ana rubutu a faifan a lokacin. Wurinsa shi ne samfuran da ake kwafar sababbin injina daga gare su da kuma injinan da aka kashe aka ajiye. Samfuri mai tsohuwar manhaja kamar rijiya ce da aka gurɓata, duk wanda ya ɗiba ya ɗauki cutar, kuma sauran hanyoyi ukun babu wadda ke iya leƙa cikinsa.

Lambar da ka samu, me take faɗa?

Ko wace ƙofa aka bi, a ƙarshe lamba za a samu, kuma fassara ta shi ne rabin aikin. Red Hat da Debian kan ɗauko gyaran tsaro su saka cikin tsohuwar siga ba tare da sauya babbar lambar ba. Lokacin ɓarakar Heartbleed, a watan Afrilu na 2014, masu OpenSSL sun gyara a siga 1.0.1g, amma gyaran RHEL 6 ya zo ne a `1.0.1e-16.el6_5.7`. Rubutun da ke neman harafin g zai ce duk injinan RHEL na cikin haɗari bayan an riga an gyara su. Don haka a riƙa ɗauko cikakkiyar siga har da lambar fitarwa, a kwatanta da sanarwar mai rarraba tsarin.

Kwatancen ma kada a yi shi kamar na haruffa, domin a haka 12.10 zai zo kafin 12.9. PowerShell na da nau'in `[version]`, Linux na da `sort -V`, kuma `dpkg --compare-versions` ya san ƙa'idojin Debian har da lambar da ke zuwa kafin alamar ruwa biyu.

Manajan ƙunshi abin da shi ya girka kawai ya sani. Ɓarakar Log4Shell, a watan Disamba na 2021, ta wahalar da mutane ne domin Log4j, manhajar Java da abin ya shafa, na ɓoye cikin fayilolin jar da ke cikin wasu manhajoji, inda rpm da rajista ba su gani. Irin wannan sai an bincika faifai fayil bayan fayil, abin da SSH ke yi cikin sauƙi, `Invoke-VMScript` kuma da ƙyar. Akasin haka ya faru da xz a watan Maris na 2024, lokacin da aka gano ƙofar baya a sigogi 5.6.0 da 5.6.1: a nan abin da ya dace shi ne a tambayi manajan ƙunshi, kada a gudanar da manhajar da ake zargi don ta faɗi sigarta. Sannan girkawa daban, gudana daban. Ana iya sabunta ƙunshi amma tsohon na nan cikin ƙwaƙwalwa har sai an sake tayar da aikin. `needs-restarting` a RHEL da `needrestart` a Debian su ke nuna wannan, `uname -r` kuma shi ke faɗin kernel ɗin da ke aiki a zahiri.

To wace za a ɗauka?

In sigar wakili kaɗai ake nema, a tambayi mai masauki, a kwatanta da lamba, an gama. In manhajojin ciki ne kuma aikin zai ɗore, SSH da WinRM, amma jerin injinan ya fito daga mai masauki a kowane zagaye, ba daga fayil ɗin da aka rubuta bara ba. Ansible na iya ɗauko jerinsa kai tsaye daga vCenter, madaukin hannu kuma na iya farawa da `govc find` ko `virsh list --all`. Bi ta wakili a bar shi ga tsirarun injinan da netwok ba ya kaiwa, kuma a KVM a yi tunani sau biyu kafin a buɗe `guest-exec`. Samfura da injinan da ke kashe a ba `virt-inspector`.

Rahoton ya zama yana da layi ga kowane injin da mai masauki ya lissafa, har da waɗanda ba su amsa ba, da dalilin rashin amsar: a kashe yake, wakili ya mutu, kalmar sirri ta ƙi, ko lokaci ya ƙare. A gefen kowace siga a rubuta ranar da aka karanta ta da ƙofar da aka bi. In mai masauki ya ce injina 300 ne, rahoton kuma ya zo da layi 280, rubutun ya tsaya da kuskure ya jero sunayen 20 ɗin da suka rage.